Yadda zaka haɗa Raspberry Pi da ɗan dongul ka kamo jirage da rediyon duniya daga ɗakinka a Nima

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da samarin bes ɗinmu suka ga taswirar jirage tana motsi a wayata muna zaune ana dafa ataya ban ƙara hutawa da tambaya ba, wannan yace ap ne ka saukar, wancan yace data nawa yake ci, sai nace musu ba daga intanet nake ɗaukowa ba, daga saman kwanon gidanmu ne, jirgin da kansa yake magana ni kuma ina saurare. Basu yarda ba sai da na cire wayar eriya a gabansu jirage suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Toh shine nace bari in zauna in rubuta komai sau ɗaya, duk mai so ya gwada.

Abu biyu ne ginshiƙin aikin. Na farko Raspberry Pi, ƙaramar kwamfuta ce da bata wuce tafin hannu ba, a Cambridge ta ƙasar Ingila aka ƙirƙirota, ta fara fita kasuwa a 2012 akan dala 35 don yara 'yan makaranta su koyi kwamfuta da ita. Yanzu akwai Pi 3, akwai Pi 4 da ta fito 2019, akwai Pi 5 ta 2023, ga kuma 'yar ƙaramarsu Zero 2 W. Ni shawarata kada ka kashe sidinka akan Pi 5 tun farko, Pi 3 ko Pi 4 ta hannu ta isheka duk abinda zan faɗa anan, kuma in kana da tsohuwar laftof da take kwance a ƙarƙashin gado ma zaka iya farawa da ita kafin ka samu Pi ɗin. Amfanin Pi ɗin dai shine wutar da take ci kaɗan ce, zaka barta a kunne dare da rana mita bata ji ba.

Na biyu shine dongul ɗin da ake kira RTL-SDR. Kamarsa ɗaya da filash, asalinsa ma na kallon talabijin ne a kwamfuta, sai wasu masu tone-tone suka gano cewa cip ɗin cikinsa, RTL2832U na kamfanin Realtek, zai iya miƙo ma kwamfuta ɗanyen sigina yadda ya shigo daga iska, wajen 2012 abin ya bazu duniya. Kaga kenan rediyon ta koma manhaja, dongul ya kwaso, kwamfuta ta fassara. Yawancinsu suna ji daga 24 MHz har wajen 1700 MHz (MHz shine ma'aunin mitar rediyo, irin lambar da kake murɗawa ka kamo tashar FM), kuma a wannan tsakanin akwai tashoshin FM, akwai jiragen sama, jiragen ruwa, tauraron ɗan adam, masu rediyon sha'awa, duniya guda. In zaka saya ka nemi RTL-SDR Blog V3 ko V4 mai jikin ƙarfe, don su biyun nan suna iya sauka ƙasa su kamo gajeren zango, waɗancan na roba masu araha basa iyawa kuma in sun ɗau zafi mitarsu gocewa take. Pi da dongul sau da yawa sai dai a yi oda ko ka roƙi wani mai dawowa daga waje ya riƙo maka, amma sauran tarkacen, kebul, adafta, caja, memori, ka zaga Circle wajen Tip Toe Lane ko Opera Square zaka haɗa su, 'yan Kumasi kuma ku duba Adum.

Maganar caja da memori dan Allah ku saurareni da kyau don anan na sha wahala. Pi 4 tana son 5V 3A ta USB-C, Pi 3 kuma 5V 2.5A, in ka sa mata cajar waya ta banza zata kunnu kamar lafiya lau amma da ka soka dongul sai ta riƙa maƙalewa ko dongul ɗin ya riƙa ɓacewa, kai kuma kana ta zargin kanka ko wani abu ka rubuta ba daidai ba. Ni sati biyu nayi ina fama, ashe memorin da na saya a wani shago ne jabu, an rubuta 64GB a jiki, cikinsa bai kai ko kusa ba, duk sanda ya cika iyakarsa ta gaskiya sai komai ya ruguje. Ka sayi 16GB ko 32GB na ƙwarai a wajen wanda ka yarda dashi. Sannan ga dumsor, ɗaukewar wuta farat ɗaya lokacin da Pi take rubutu akan memori tana lalata shi, shiyasa ni na jona tawa ta cikin pawa bank irin wanda yake bada wuta yana kuma shan caji lokaci guda, ba kowanne ke yin haka ba, ka gwada a shagon kafin ka biya.

Saka mata tsarin aiki ba wuya. Ka saukar da Raspberry Pi Imager a laftof, ka soka memorin, ka zaɓi Raspberry Pi OS, kafin ka danna rubutawa zai baka wajen saka sunan wayfai da faswod da kunna SSH, ka cika su duka, wannan shi zai sa baka buƙatar allo ko kibod, daga wayarka ma zaka iya shiga cikinta. Hotsifot ɗin waya ya isa in babu rawuta a gida. In ta tashi ka shiga ka rubuta `sudo apt update` sannan `sudo apt install rtl-sdr`. Akwai wani tarko anan da yake kama kusan kowa: Linux, wato tushen tsarin aikin Pi ɗin, da ta ga dongul ɗin sai ta ɗauka na talabijin ne ta riƙe shi, toh sai ka buɗe fayil a cikin `/etc/modprobe.d/` ka bashi suna kamar `blacklist-rtl.conf` ka rubuta `blacklist dvb_usb_rtl28xxu` a ciki, ka sake kunna Pi ɗin. Bayan nan ka rubuta `rtl_test`, in ya kira sunan dongul ɗinka shikenan kun gaisa. Mai V4 ya kula, yana son sabon direba, wato manhajar da kwamfuta ke gane shi da ita, ka bi bayanin da masu ƙera shi suka bayar in ba haka ba zaka ga kamar kurma ne.

Fara da FM, don ka tabbatar kayanka suna aiki. Ka rubuta `rtl_tcp -a 0.0.0.0` a Pi, ka saka manhajar sauraro ta SDR++ a laftof ko wayar Android, ka bashi adireshin Pi ɗin da lamba 1234, ka je tsakanin 87.5 da 108 MHz. Zaka ga tashoshin Accra sun miƙe a allo kamar turaku, ka taɓa ɗaya kaji magana. Ranar farko wannan kaɗai ya isa ya hanaka barci.

Yanzu jirage, wanda shine ya fi ɗaukar hankalin mutane kuma mu 'yan Nima da Maamobi Allah ya bamu shi a ƙofar gida tunda filin jirgi yana kusa damu, tun muna yara muke ɗaga kai. Kusan kowane jirgin fasinja yana watsa bayanin kansa akan 1090 MHz, ana kiran tsarin ADS-B, yana faɗin lambarsa, tsayinsa daga ƙasa, gudunsa, da daidai inda yake, a buɗe ba a ɓoye ba, don hasumiya da sauran jirage su ganshi. Hanya mafi sauƙi itace ka samu memori na biyu ka rubuta masa PiAware, tsarin aiki na kamfanin bin diddigin jirage FlightAware, ya zo da dump1090 mai fassara siginar jirage a shirye, ka kunna, ka buɗe adireshin Pi ɗin a burauza, taswira zata fito. In kaga dama ka riƙa tura musu abinda ka kamo, su da Flightradar24 duka suna ba masu tura musu bayani babban akawun kyauta.

Amma fa sirrin duk yana wajen eriya, kuma wannan ita ce maganar da nafi so ku riƙe. Mutum zai kashe kuɗi ya sayi dongul mai tsada ya ajiye eriya a kan tebur cikin ɗaki mai rufin kwano yace abin baya aiki. Lissafin guda ɗaya ne: ka raba 7500 da mitar da kake nema a MHz, abinda ya fito shine tsawon sandar eriyar a santimita. Na jirage 7500 a raba da 1090, ya bada santimita 6.9, ɗan guntu haka kamar yatsa. Ka samu kebul ɗin dish, RG6, wanda kowane mai haɗa dish yake dashi, ka fere ƙarshensa jan ƙarfen tsakiya ya fito tsirara daidai 6.9, ka samu gwangwanin madara ko na tumatir ka huda gindinsa a tsakiya ka ɗaura kan F, wato kan kebul ɗin dish mai murɗawa, a wurin yadda jikin gwangwanin zai haɗu da ragar kebul ɗin, gindin yana sama ɗan ƙarfen ya leƙo ya miƙe tsaye. Shikenan eriya ta haɗu, ba ko sidi goma. Ka auna da rula da gaske, a wannan mita rabin santimita ma yana rage ji. Sai ka ɗaure ta a gora ko bututun roba ka ɗaga ta sama da kwanon gida, don siginar 1090 bata zagaye gini, sai abinda eriya ta hango. Da tawa tana taga jiragen da ke sauka da tashi kawai nake gani, ranar da na hau da ita sama sai ga jiragen da suke wucewa can ƙololuwa ta kan teku da na wajen Lome suna fitowa. Kebul kada ya yi tsawo da yawa, kowace mita ɗaya ta tsawonsa tana cin sigina, gara ka kai Pi ɗin kusa da eriya ka barta tayi magana da kai ta wayfai. Kan dongul ɗin SMA ne, na kebul F ne, kada ka manta da adafta.

Shekarar da Mma ta tafi aikin Hajji, mun rakata Hajj Village mun dawo gida jiki a sanyaye, gidan yayi shiru. Da lokacin tashinsu yayi na ɗauko waya na zauna kusa da Baba akan tabarma, na nuna masa ɗan jirgi a taswira nace Baba ga su nan. Ya gyara tabarau ya matso, muna kallon lambar tsayi tana hawa, jirgin ya juya ya miƙi arewa maso gabas, ƙannena duk sun zagaye mu, Baba yana ta Allah ya kaiku lafiya Allah ya karɓa, har jirgin ya fita daga inda eriyata take ji ya ɓace a allo. Ya daɗe yana kallon wurin da ya ɓace ɗin sannan yace min, wato gwangwanin nan da ka ɗaure a sama shi ya nuna mana wannan? Nace shi ne Baba. Daga ranar bai sake cewa in sauke masa gora daga kan gida ba.

Shi Baba dama mutumin rediyo ne, duk dattawan Zango haka suke, BBC Hausa da ta fara a 1957, shekarar da Ghana ta samu 'yanci, da Muryar Jamus da sauransu, a gajeren zango suka san duniya. Da V3 ko V4 kaima zaka shiga wannan zangon, sai dai eriyar gwangwani bata yi anan, waya doguwa ake so, mita 10 ko fiye, ka ja ta daga taga zuwa bishiya ko wani gini, nesa da wayoyin lantarki dan Allah, wannan ba wasa bane a unguwa mai cunkoso irin tamu. Mai V3 zai kunna abinda ake kira direct sampling a cikin manhajar, V4 ita da kanta take yi. Babban abokin gaba anan hayaniya ce, cajojin waya masu araha, ƙwan LED, inbata, duk suna feso ƙara a iska. Abin mamaki lokacin da nafi jin tashoshi masu nisa tsaf shine in an ɗauke wuta a unguwa, Pi tana kan pawa bank, sai kaji iska tayi tsit kamar bayan ruwan sama.

In ka je 14.074 MHz ka sa yanayin USB a manhajar (salon sauraro ne kamar AM da FM, ba ramin soka filash ba) zakaji wani kuka kamar na tsuntsaye da yawa, yana farawa yana tsayawa duk daƙiƙa 15. Wannan FT8 ne, Joe Taylor wanda ya ci kyautar Nobel a 1993 shi da Steve Franke suka fito dashi a 2017, masu rediyon sha'awa ne na duniya suke gaisawa da gajerun saƙonni. Ka saka WSJT-X mai fassara FT8 ka tura masa sautin, zai jero maka sunayen kiransu, kuma farkon sunan yana gaya maka ƙasa: 9G mu ne Ghana, 5N Najeriya, 5U Nijar, 5V Togo, XT Burkina Faso, TU Kodebuwa, PY Brazil. Agogon kwamfutar dole ya zama daidai, in ya goce da daƙiƙa biyu ma ba abinda zai fassara, kuma Pi 3 da Pi 4 basu da batirin agogo, daga intanet suke ɗaukar lokaci duk sanda suka tashi. Abu ɗaya da yake min daɗi, duk harkar rediyo ta duniya da lokacin UTC ake yinta, mu kuma agogon Ghana shine UTC ɗin, layin Greenwich ma ta Tema ya ratsa, don haka duk jadawalin da ka gani ba sai ka ƙara ko ka rage awa ba. In manhaja ta tambayeka gurbinka a taswira, Accra IJ95 ne, Kumasi IJ96.

Tunda na ambaci Tema, jiragen ruwa suma suna faɗin inda suke akan 161.975 da 162.025 MHz, sandar eriya wajen santimita 46, manhajar AIS-catcher. Wanda yake Tema ko Ashaiman ko wani bene mai kallon teku zai fi mu morewa.

Sai sama can. Tashar sararin samaniya ta ISS tana zagaye duniya duk wajen minti 90 a tsayin kilomita 400, wani lokaci suna watso hotuna ko suna magana da 'yan makaranta akan 145.800 MHz. Daga cikinta aka saki GhanaSat-1 a watan Yuli 2017, tauraron Ghana na farko, wanda matasan injiniyoyi na jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa, ɗan akwati ne mai nauyin kilo ɗaya, ina faɗa ma yaran makarantar allonmu wannan kullum don su san ba sai Bature ba. Na hoton gajimare kuma, tsofaffin bidiyo zasu ce maka ka nemi taurarin Amurka NOAA 15, 18 da 19, kada ka ɓata lokacinka, an kashe su duka a 2025, yanzu Meteor na Rasha ake kamawa a wajen 137.9 MHz da manhajar SatDump, eriyar sanduna biyu ce kowacce santimita 53 a buɗe kamar V a kwance.

Wanda ni ya fi tafiya da hankalina a yanzu shine QO-100. Tauraron ƙasar Katar ne, Es'hail-2, an harba shi a Nuwamba 2018, yana tsaye wuri ɗaya a sama kilomita 36,000 akan 25.9 gabas, wato kusa da inda masu haɗa dish suke samun tauraron talabijin na Badr, kuma an ware masa wani sashe na masu rediyon sha'awa da yake haɗa tun daga gabashin Brazil har Tailan, Afirka duk tana ciki. Tsohon dish na santimita 60 zuwa 90 da LNB ɗin talabijin, wato kan nan da ake ɗaurawa a gaban dish, sun isa sauraro. Daga Accra ka fuskanci gabas ka ɗan karkata kudu kaɗan, ɗagawa wajen digiri 59, kuma sai ka murɗa LNB ɗin sosai a mazauninsa kana kallon allo har sigina ya fi ƙarfi. Maganar tana saukowa akan 10489.5 zuwa 10490 MHz, LNB ya rage mata 9750, don haka kai a dongul 739.5 zuwa 740 zaka nema, yanayin USB. LNB yana son wutar 12 zuwa 13V ta cikin kebul, wanda dongul bazai iya bashi ba, sai ka sa abin cusa wuta da ake kira bias tee ko kayi amfani da tsohuwar dikoda, amma ka tabbatar akwai abin tare wutar a ɓangaren dongul in ba haka ba zaka ƙona shi nan take. Muryoyin zasu riƙa ɗan zamewa saboda LNB ɗin talabijin baya tsayawa cak, kana bi kana gyarawa. Daren da na fara jin wani daga Indiya yana gaisawa da wani a Jamus ta dish ɗin da aka yar a bayan gida, na daɗe zaune ban motsa ba.

Duk abinda na lissafa sauraro ne, dongul ɗin nan baya iya watsa komai. Watsawa kuma sai da lasisi daga NCA, hukumar sadarwa ta ƙasa, su ke rabon mita a Ghana, su zasu baka sunan kira mai farawa da 9G. Ina roƙonku da girman Allah kada wani ya sayo oba-oba irin Baofeng ya hau danna maɓalli akan mitar da bai sani ba, kuma kada ku bi bidiyon nan da ake nuna yadda zaka soka waya a fil ɗin Pi ta zama tashar FM, siginar da take fitarwa ƙazama ce tana fantsama ko'ina, mu kuma muna zaune gab da filin jirgi, matuƙa da hasumiya suna magana tsakanin 118 da 137 MHz, saman FM kaɗan, rayukan mutane ne a ciki. In kunnenka ya faɗa kan maganar da ba taka ba, ta jami'an tsaro ko ta wani kamfani, ka wuce, kada ka naɗa ka watsa a WhatsApp. Mai son yin magana da gaske ya karanta ya nemi lasisinsa, nima karatun nake.

Ɗan abinda ya rage na kula da kaya ne. Ƙarƙashin kwano da rana wuta ne, Pi in ta kai digiri 80 sai ta rage gudu da kanta, ka riƙa duba ta da `vcgencmd measure_temp`, ka manna mata ƙarfen shan zafi ko ɗan fanka. Lokacin hunturu ƙura tana cika akwatin, ka hure shi. Iskar tekun Accra tana cin ƙarfe, gwangwanina na farko wata nawa ne yayi tsatsa, yanzu ina naɗe mahaɗar da tef in kifa mata robar ruwa da na yanke gindinta. In tashoshin FM suka yi ma dongul yawa har kana jinsu a inda ba wurinsu ba, ka rage gain, wato ƙarfin jin dongul a cikin manhajar, ko ka sa matatar da take toshe FM. Damina kuma, daga Afrilu zuwa Yuni musamman, da kaga hadari ya haɗo ka kwance kebul ɗin eriya daga dongul ka fitar da kansa waje, kada ka jira sai kaji tsawa. Dongul ɗaya aiki ɗaya yake yi a lokaci guda, shiyasa ni na bar ɗaya akan jirage dindindin na samu na biyu na yawo, kuma a Pi ɗin nan dai na saka manhajar Kiwix da Wikipedia ta Hausa yaran gida suna karantawa ba tare da data ba. Duk wanda ya haɗa nasa ya maƙale a hanya ya sameni a bes bayan la'asar ranar Asabar, ya taho da Pi ɗin da cajarsa da memorin duka, don sau da yawa a cikin ukun nan matsalar take.